Sa'adatu Mai Banda da Zoben Wuta

Duk wanda ya saba sauka bakin ruwa a Yelwa ranar kasuwa ya san rumfar Sa'adatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce rumfar da hayaƙinta yake tashi fari siriri, alhali na maƙwabta yana murtukewa. Bisa lissafin da muka yi da ita, ta ba shekara sittin baya da 'yan kai, domin ta ce tana famfara a shekarar da aka datse kogi, ruwan tafki ya hau ya cinye ƙauyensu, aka kwashe su zuwa tudu. Ba ta tuna kamannin ɗakin da aka haife ta, amma tana tuna yadda Innarta ta ƙi shiga mota sai da aka loda mata ragar bandarta.

Mahaifinta masunci ne, mahaifiyarta mai banda, ita ma bandar ta gada. Ban taɓa ganin mai tsanani a kan wuta kamarta ba. Ba ta yarda da itacen dogon yaro, ta ce yana sa kifi ɗaci. Ba ta ɗora tarwaɗa a raga sai ta lanƙwasa ta da hannunta ta soke da tsinke, kuma bayan hannu take kaiwa ta auna zafi, ba ta tambayar kowa. Ba ta hura gawayi da kananzir ko leda. Tana da wani gwangwanin tumatir da ta huhhuda da ƙusa, ta ɗaura masa siririn ƙarfe mai tsawon kamu biyu. Takan zuba gawayi a ciki, ta sa ɗan garwashi guda, ta riƙa wulwula shi a iska har ya kama ja zur. Haka Innarta take yi, haka ita ma take yi kowace safiya fiye da shekara arba'in.

Ta auri Zaidu, masunci mai sanyin hali, suka shekara tara babu haihuwa. A ta goma ta haifi mace da ƙyar, a hannun wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ruth, 'yar ƙasar Ngaski, wadda aka turo Yelwa aiki. Aka sa wa yarinyar Nafisa. Daga wannan rana Ruth da Sa'adatu suka ƙulla ƙawance, har ya zama kowace Juma'a sai kan giwan ruwa ya tafi gidan Ruth, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Sa'adatu ta haifi wasu biyar bayan Nafisa, tana kiran kowannensu da sunansa, tana zagi tana rarrashi. Amma ta riƙe kunyar 'yar fari da ƙarfin da ko a matan zamaninta ban ga irinsa ba. Ni na koyar da Nafisa a aji huɗu da aji biyar, kuma duk zuwan da uwar ta yi makaranta, abin da take cewa shi ne, "Malama, na taho batun yarinyar nan ta gidanmu." Ba ta taɓa furta sunan ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da ita a gaban mutane. Yarinyar ma ta tashi tana kiranta Yaya, kamar yadda ta ji ƙannen uwar suna yi.

Ita kuwa Ruth, 'ya'yanta uku duk maza ne, kuma wannan kunya ba ta ɗaure ta ba. Da Nafisa ta shiga sakandare, iyayenta suna yawan ƙetarewa zuwa zangon masunta su yi wata da watanni, sai ta koma gidan Ruth da zama. Can aka yi mata kitso, can aka duba mata sakamakon jarrabawa, can ta koyi cewa Mama. Yau Nafisa ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a Birnin Kebbi, da mijinta da 'ya'yanta. Sa'adatu ba ta taɓa cewa uffan a kan wannan ba, kuma mu duka mun ɗauka ba ta damu ba.

Tun da Ruth ta yi ritaya ta kafa mana wata al'ada. Kowace shekara, idan damina ta ja baya, mukan taru mu shida ko bakwai a bayan gidanta, ƙarƙashin mangwaro, mu gasa kifi. Mijinta, Andrew, shi yake sayo gawayi, sa'an nan ya ɗauki rediyonsa ya koma ƙofar gida. Kifi da wuta kuwa na Sa'adatu ne, babu mai sa mata hannu. Abin da take samu a wannan rana shi ne shirun da yake sauka idan aka kai lomar farko baki, da kuma yabon da yake biyo baya. Tana yin kamar ba ta ji, amma tana ji.

Bara taron ya dace da hutun Nafisa, ta zo da kyamara da wani mazauninta mai ƙafa uku. Ta ce sabon abu take koyo, zane da haske. Da muka idar da sallar isha'i ta roƙi a kashe ƙwan lantarkin bayan gida, ta yi mana bayani.

"Kyamarar za ta buɗe ido na daƙiƙa ashirin," in ji ta. "Duk hasken da ya gilma a gabanta, za ta riƙe sawunsa. Wanda ya tsaya cak aka haska shi zai fito. Wanda yake cikin duhu yana motsi, ba za a gan shi ba."

Nan take tsofaffin mata suka koma yara. Ruth ta karɓi tocila ta ce kifi za ta zana, da aka duba sai ga wani abu mai kama da silifa. Wata ta ce za ta yi tauraro, ya fito kamar zaren da kaza ta tattaka. Ana ta dariya, ana turereniya a kan 'yar fuskar kyamara.

"Kifi ya yi," in ji Sa'adatu daga bakin wuta.

Babu wanda ya waiwaya. Ta sake faɗa, Nafisa ta ce, "To, Yaya, saura guda ɗaya." Gudan nan ya zama biyar. Kifin ƙarfasa da ta gasa ya huce a faranti, wutar da aka tanada domin giwan ruwa ta yi toka. Sa'adatu ta tashi daga bakin wuta. Ta ɗauki gwangwaninta ta zuba gawayi, ta koma gefe cikin duhu, ta fara wulwulawa. Ba ta san kyamara tana buɗe ba.

Da Nafisa ta duba hoton sai ta kira mu. A gefe guda ga wani zobe na wuta, cikakke, babu karkata ko kaɗan, tartsatsi yana fita daga gare shi kamar gezar gero. Duk tocilolin da muka yi ta kaɗawa ba su yi kusa da shi ba.

Nafisa ta ce, "Yaya, don Allah ki sake. Amma ki tsaya nan, bayan Mama."

Sa'adatu ƙaramar mace ce, kuma baƙin hijabi ne a jikinta. Ruth doguwa ce mai jiki, ta sha farin leshi. Nafisa ta nuna mini maɓallin da zan danna, ta ba wata daga cikinmu tocila ta ce ta haska su sau ɗaya ta kashe, sa'an nan ta ruga ta tsaya kusa da Ruth, ta kwantar da kai a kafaɗarta. Na danna. Sa'adatu ta wulwula gwangwani a bayansu har sai da aka ce ya isa.

Hoton ya yi kyau, ba zan rage masa komai ba. Ruth da Nafisa suna murmushi a tsakiyar zoben wuta, kamar an yi su tare. Na Sa'adatu kuwa ko ɗan yatsa bai fito ba. Aka miƙa mata ta gani, ta duba na ɗan lokaci, ta ce, "Ya yi." Ta koma ta gasa giwan ruwa. Aka ci ana maganar hoto. A daren nan ban ji wanda ya yabi kifi ba, kuma ni ma ban yaba ba.

Nafisa ta sa hoton a waya inda kowa zai gani, ta rubuta a ƙasa, "Ni da Mamana." Kafin kwana uku ya zaga Yelwa. Ranar kasuwa wata mai sarin kifi daga Shanga ta nuna wa Sa'adatu shi a gaban rumfarta, ta ce, "Ashe yarinyar nan ɗiyar Sista Ruth ce? Ni duk shekarun nan na ɗauka taki ce." Sa'adatu ta ce, "Ta gidanmu ce," ta ci gaba da juya kifi. Iyakar abin da bakinta zai iya faɗa ke nan.

Juma'ar da ta biyo baya kan giwan ruwa bai je gidan Ruth ba. Ta biyu ma haka. Ruth ta bi ta rumfa, aka ce mata Sa'adatu ta ƙetare ruwa, alhali ga takalmanta a bakin ƙofa. Sai na je da kaina. Na bar maganarta a nan yadda ta fito da harshenta na bakin ruwa, ban miƙe ta ba.

"Lafiya kike da Sista?" na tambaye ta.

"Lahiya lau. Mi kika gani?"

"Na ga kan kifi ya daina tafiya."

"Kifi ya yi wuya." A gabanta kuwa raga uku ne cike. Ta ɗauki itace ta gyara wutar da ba ta bukatar gyara. "Ita Sista ai ba kifi take so ba. Leshi take so, da tsayuwa gaban hoto. Kin taɓa ganin ta hura wuta? Leda take ƙonawa, Malama, leda. Shekara talatin da shida ina hwaɗa mata."

"Wannan ba sabon laifi ba ne."

"Kuma farin leshi wurin gashin kifi. Wa ke zuwa gashin kifi da farin leshi in ba ya shirya ba?"

Na ce ban ga alamar shiri ba, domin Ruth ba ta san za a zo da kyamara ba. Ta juya tarwaɗa biyu, ta mayar da su yadda suke.

"Wutar nan da duk gari ke yabo, wa yay yi ta?"

"Ke kika yi."

"To ina nike a ciki?"

Na fara maimaita mata bayanin motsi da duhu, ta ɗaga mini hannu.

"Na ji wanga tun ranar. Ni dai abin da na sani, ita an aza mata kai ga kahwaɗa, ni ina baya ina hura musu wuta. Kwana biyu na yi ina naƙuda, Malama. Sista hannu kawai ta tara."

Ban taɓa jin ta matso kusa da batun haka ba. Na ce, "To ki gaya wa yarinyar kina son ku yi hoto tare."

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa babu mayafi. "Ni? Da bakina? Allah shi kiyaye."

Daga nan gidan Ruth na wuce, na faɗa mata komai. Ta yi dariya da farko, ta ce, "Sa'a ce take kishi da ni? A kan me, a kan wannan ƙaton cikin nawa?" Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta ɗauki waya ta kira Nafisa a gabana, ta buɗe murya domin in ji.

"Mama, ai Yaya ba ta son hoto," in ji Nafisa. "Kuma ba ta son a raɓe ta. Tun ina ƙarama in na matso sai ta ce in ba ta wuri. Ko ranar bikina ba ta tsaya an ɗauke mu ba."

"Ke da karatunki duka, ba ki san kunya ba?"

"Na san kunya mana. Na ɗauka dai a wurinta ta wuce kunya."

"To ba ta wuce ba. Ki taho ƙarshen wata, ki zo da na'urar taki."

Wahalar da ta rage ita ce, idan Sa'adatu za ta tsaya a gaba, dole wani ya yi wuta a baya, kuma a cikinmu babu wadda ta iya. Ruth ta huda gwangwani da kanta ta shiga koyo. Kwana tara tana yi kowace yamma. Ta ƙona gefen zaninta, ta yi wa rigunan Andrew biyu huji a kan igiyar shanya, har ya ce idan ta gama da tufafinsa ta sanar da shi ya kwashe kaji. Sa'an nan ta aika wa Sa'adatu saƙo cewa ta sayi giwan ruwa babba, za ta gasa mana da kanta ranar Asabar, ba sai kowa ya wahala ba.

Tun kafin la'asar Sa'adatu ta iso da wuƙarta.

"Ina kifin da za ki lalata?"

"Sannu da zuwa, uwar banda. An dawo daga ƙetaren ruwa?"

"Ba ni gishiri."

A wannan karon mun ci kifi da zafinsa, mun yaba har sai da ta ce mu bar ta haka. Bayan isha'i aka kashe ƙwai, Nafisa ta kafa kyamara, Ruth ta fito da gwangwaninta. Sa'adatu ta miƙa hannu za ta karɓa, Ruth ta janye.

"Yau ni ce mai wuta. Ke je ki tsaya can."

"Can ina?"

"Inda na tsaya rannan."

Ta ce ƙafarta tana ciwo, ta ce hijabinta yana warin hayaƙi, ta ce ita ba yarinya ba ce. Na ce mata hoto ba ya ɗaukar wari. A ƙarshe ta je ta tsaya, Nafisa ta tsaya a gefenta, amma ta bar tsakaninsu tazarar da mutum zai iya wucewa. Na danna maɓalli, Ruth ta fara wulwulawa tana haki. Ba a kai daƙiƙa biyar ba Sa'adatu ta juya baya.

"Ba da kahwaɗa ba, Sista, da wuyan hannu. Za ki zubar da garwashin ga kanmu."

Daidai lokacin aka haska tocila. Da aka duba, fuskarta ta fito kamar hayaƙi. Aka sake, ta sake juyawa, domin tana jin ƙarar gwangwani a iska ta san an karkace. A karo na uku Nafisa ba ta yi shawara da kowa ba. Ta matsa ta cike tazarar, ta kama hannun uwar ta riƙe gam.

"Yaya, ki tsaya. Daƙiƙa ashirin ce kawai."

Sa'adatu ta sandare. Ba ta ƙwace hannun ba, ba ta kuma riƙe na 'yar ba. Ta sunkuyar da ido, ta tsaya har aka gama.

Ta fito sarai a wannan hoton, ita da 'yarta, hannu cikin hannu. Zoben Ruth kuwa ya fito kamar ƙwan da aka zauna a kai, ya tsinke a sama, wani tartsatsi ya yi nasa wuri. Sa'adatu ta daɗe tana dubawa, ta sa aka fito da na farko, ta jera su a ido.

"Zoben hoton Sista ya fi kyau," ta ce.

"Ai ke kika yi mini shi," in ji Ruth.

"Shi ne nike hwaɗi. Ke kin samu mai hura miki wuta. Ni dubi abin da na samu."

Juma'ar da ta biyo baya kan giwan ruwa ya koma tafiya gidan Ruth, ko da yake Ruth ta ce ya ɗan ƙanƙance. Nafisa ta wanke hoton a takarda ta aiko wa uwarta, amma ba ta sa shi a waya ba. Ta gaya mini tana tsoron kada ta kunyata Yaya a idon 'yan kasuwa.

Bayan wata guda na bi ta rumfa sayen kifi. Sa'adatu ta zaɓa mini mai kyau, ta ƙunshe, ta riƙe ƙunshin ba ta miƙo ba.

"Malama, ke da kike duba waya. Wancan hoton na biyu, mutum nawa suka gani?"

"Babu kowa. Mu da muke wurin ne kawai."

"Na Sista kuwa har Shanga."

"Har Shanga, har Wara. Kina so in gaya wa yarinyar ta sa naki?"

"Kul," in ji ta. "Kada ki soma."

Ta miƙo mini kifin. Na yi taku uku sai ta kira ni, ba ta ɗago daga kan raga ba.

"In dai ita ta tambaye ki da kanta, kada ki ce na hana."